Kusurwa Shida a Ramin Kuza

A Oruro, garin masu haƙar ma'adinai da ke can saman duwatsu, duk safiyar Asabar masu tara duwatsu kan haɗu a bayan shagon Doña Remigia, su sha kunun jan masara da zafinsa, kowa ya kwance ƙunshin jarida ya nuna abin da ya tsinto. A cikinsu babu wanda ya kai Don Anacleto Ticona daɗewa a harkar. Shekara talatin ya yi yana haƙar kuza kafin ƙirji ya hana shi, kuma kowane dutse a akwatunansa yana da 'yar takarda da ya rubuta da hannunsa: rami kaza, hawa kaza, shekara kaza. A wajen mutanen nan, dutsen da ba a yarda da takardarsa ba tsakuwa ne kawai.

Ran nan, cikin tsakiyar sanyin Yuli, wanda shi ne hunturun ƙasar, ya ce musu ya leƙa wani tsohon rami da aka daina aiki a cikinsa, ya ga ƙanƙara ta tsiro a rufin kamar lu'ulu'un dutse. Kusurwa shida cif, faɗin tafin hannu, cikinta kwarmi ne mai hawa-hawa kamar matakala.

Fidencio Apaza, tsohon malamin makaranta da kowa ke kira Profe, ya ajiye kofinsa.

"Tafin hannun wa, Don Anacleto? Littafi ya ce shida, na yarda, amma ba ta wuce ƙwayar shinkafa. Ko dai kwalbar barasar da ka kai wa aljanin ramin ce ka fara ɗanɗanawa?"

Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ashe sai mu sake duba takardun nan nasa, kada a ce wancan jan dutsen ma daga kasuwa ya fito."

Wannan ce ta soki tsohon. Wasa ne, amma da wasa ake faɗa wa wawa magana, shi kuwa ba wawa ba ne. In aka ɗauke shi mai ƙarin gishiri a kan ƙanƙara, to rubutun shekara da shekaru ya zama shara.

"Profe," ya ce, "gani ya kori ji. Jibi da hantsi ka ɗauro takalminka."

Suka hau dutsen da ramin yake, suna tafiya suna tsayawa, don tsofaffi biyu ne kuma iskar can sama ba ta cika huhu. A bakin ramin Anacleto ya zuba kaɗan daga ganyen koka da mahaƙa ke taunawa a ƙasa, ya tsiyaya barasa a kai don aljanin wurin, sannan ya miƙa wa abokinsa mayafin ulu.

"Rufe bakinka da hancinka. Kada ka taɓa komai, kada ka yi surutu. Na san na ukun ne zai ba ka wuya."

"Kai dai wuce gaba, tsohon ɓera."

Suka shiga da tocila. Taku ashirin, hamsin, babu komai sai baƙin dutse da ruɓaɓɓen katako. Inda ya ga rufin fari fat makon jiya, yanzu ɗigon ruwa ne kawai. Iska mai ɗumi ta ratsa wurin. Gaban Anacleto ya faɗi. Ya ci gaba da haska kowane lungu, har ya kai wata 'yar kwana da ramin ya karkata hagu. Nan ya sami ƙanƙarar, guda ɗaya tak, tana rataye a ƙarƙashin wani ƙarfe da ya yi tsatsa.

Profe ya matso, ya daskare. Abin ya fi yadda aka faɗa kyau. Siririya ce kamar fiffiken ƙwaro, gefenta a miƙe kamar an sa ma'auni, matakalar cikinta tana ƙanƙancewa har ta ɓace wa ido.

"Yaya aka yi ta san inda za ta lanƙwasa?" ya tambaya ta cikin mayafi. "Babu wanda ya zuba ta a wani abu."

"Kai ne mai littafi. Ƙirga."

Malamin ya ciro madubin ƙara girma daga aljihu. Amma mayafin yana tura numfashinsa sama, tabarau ya yi hazo, sai ya janye shi ƙasa da haɓa. Ya sunkuya. "Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu." A kusurwa ta biyar wata 'yar ƙurar tsatsa ta zauna. To, duk mai tara duwatsu, in ya ga ƙura a fuskar lu'ulu'u, abu ɗaya yake yi tun kafin ya yi tunani: ya buɗe baki ya yi mata huci don ya goge. Hali zanen dutse. Profe ya ce "haa".

Gefen ya dushe, ya lanƙwashe, sai duk abin ya sulluɓe ya faɗi a kan takalminsa, ya zama jiƙa.

Suka tsaya suna kallon takalmin.

"Shekara nawa kana koya wa yara cewa zafi na narkar da ƙanƙara?" in ji Anacleto a hankali.

"Talatin da biyu."

"Madalla."

Suka sauko. Anacleto ya san yanzu ba shi da shaida sai bakin da ya yi ɓarnar, kuma ba kowa ke iya tsayawa gaban jama'a ya tona wa kansa asiri ba.

Da Asabar ta zagayo, Doña Remigia ba ta ko bari sun zauna ba. "To, Profe, nawa ka ƙirga?"

Fidencio ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"Huɗu," ya ce. Wani ya fara murmushi. "Huɗu na ƙirga. Sauran biyun suna nan, da idona na gan su, ni na kashe su da bakina kamar sakarai. Kuma ta fi tafin hannuna."

Aka fashe da dariya, wannan karon a kansa. Anacleto bai taya su ba. Ya jawo kujera kusa da malamin, ya zauna.

"Yanzu gaya mini tsakani da Allah," ya ce. "Me ya sa shida? Me ya hana ta biyar?"