Yaron da Aka Kawo wa Daeng Nompo

Daeng Nompo ya sha rantsuwa ba zai sake karɓar yaro daga gidan gyaran hali ba. Amma da wata jami'ar gidan ta tsaya a ƙofar shagonsa na gyaran injin jirgin ruwa a bakin tashar Makassar, da wani siririn yaro a bayanta, sai bakinsa ya kasa cewa a'a. Shi ma a gidan yari ya koyi sana'ar, shi ya sa ake kawo masa su.

Sunan yaron Ippang. An kama shi da kibiyar ƙusa, irin wadda samarin unguwa ke harbin juna da ita da roba.

Kafin Ippang akwai Callu. Shi ma a shagon ya zauna, hannunsa ya faɗa, har ya fara kama sahun gaba a masallaci. Wata Juma'a tsofaffin abokansa suka zo a kan babura, ya ce zai je ya dawo. Kibiya ta same shi a wuya. Daeng Nompo ne ya yi masa wanka.

Yanzu duk sanda Ippang ya sunkuya a kan inji, ƙeyar Callu yake gani.

"Callu, miƙo min sifana."

"Daeng, ni Ippang ne fa. Ko tsufan ne ya fara taɓa ka?"

"Ungo naka, ja'iri."

Yaron ya yi dariya. Amma da wata mai gasa ayaba a gefen shagon ta ba shi labarin Callu, sai ya dawo jiki a sanyaye. "An ce in ka kalle ni gawa kake gani."

Daeng Nompo bai musa ba.

Wata rana da hantsi babura suka tsaya a waje, ana danna ham. Tsofaffin abokan Ippang ne. Ippang ya miƙe yana goge baƙin mai. "Gaisawa kawai za mu yi, Daeng."

Tsohon ya riga shi fita. "Duk wanda ya zo wurin ɗana, sai ya ci abinci. Ku sauko, ga romon naman sa can, wanda muke kira coto."

Suka bushe da dariya. "Ippang, ka samu sabon uba ke nan?" Suka ja baburansu suka tafi, aka bar ɗaya, babbansu, mai suna Sangkala. Ya zauna da kwano a gabansa har romon ya huce.

"Daeng, ba ka gane ni ba?" in ji Sangkala. "Ni na goya Callu ranar. A bayana ya cika. Har yau ina jin nauyinsa."

 Daeng Nompo ya so ya kore shi, Allah ya sani. Can ya ce, "Gobe ka zo aiki, ka sa tufafin da ba ka damu su ɓaci ba."

Ippang ya cika wa'adinsa lafiya, ya samu aiki a jirgin da ke kai kaya tsibirin Kalimantan. Sangkala kuwa ba jami'ar da ta kawo shi, ba wanda ya tilasta shi, amma kullum yana riga kowa zuwa. Baburinsa ya sayar. Daga unguwarsu har bakin tasha a ƙafa yake tahowa, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.