Jijiyar Baba Tela

Atishawa ta uku ta kama Sista Babba, shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin masu ciwon daji, tana tsaka da zura safar hannu. Ta haɗiye yawu, ta ji maƙogwaro na kartarta. Shi ke nan, mura ta sauka! Kuma duk kwanakin duniya ba ta tashi zuwa ba sai yau, ranar da Baba Tela zai karɓi ruwan maganin ciwon daji karo na shida, na ƙarshe.

Shi wannan magani bai san gida bai san waje ba. Yana kashe cutar, yana haɗawa da fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke tsaron jiki. Da safen nan aka gwada jinin Baba, da kyar sojojin suka kai adadin da likita zai sa hannu. Murar da ita za ta share a kwana uku, shi sai ta kwantar da shi da zazzaɓi.

Ga kuma jijiyoyinsa, magani ya busar da su, duk sun ɓuya. In allura ta kauce ruwan ya zuba cikin tsoka, ƙone wurin zai yi. Sau biyar ita ke samo masa jijiya, har ya rantse ba mai taɓa hannunsa sai ita. Ita ma, a gaskiya, tana jin daɗin a faɗi hakan a gaban mutane.

Ta cire safar, ta ɗaura takunkumin fuska, ta koma bayan tagar gilashi. Ta sa aka kira Doguwa, wata ma'aikaciyar jinya da aka dawo da ita daga ɗakin jarirai watan jiya.

Baba Tela ya hango ta daga kan kujerarsa. "'Yata, me kike yi can kamar mai leƙen asiri?"

"Mura ce, Baba. Yau ga wadda za ta sa maka."

"Mura? Ni da na sha abin da ya kwashe min gashin gira, majina zan ji wa tsoro?"

"Ai shi ya sa. Wanda ya kwashe girar shi ya kwashe maka masu gadi."

"To a bari sai kin warke."

"An riga an haɗa maganin, Baba, kuma ba ya kwana."

Ya yi tsaki, ya miƙa hannu yana kallon bango.

Sista Babba ta ɗaga murya. "Bayan hannun hagu, Doguwa, ƙasa da ɗan yatsan tsakiya. Nan kaɗai take fitowa!"

Doguwa ta ce to, amma hannun dama ta ɗauka. Ta naɗe shi da tawul mai ɗumi, ta ja kujera ta zauna, ta shiga tambayar Baba me ke sa kekenta na ɗinki tsinke zare. Sista Babba ta harare ta ta cikin gilashi. Wannan wace irin baiwar Allah ce, ana maganar rai tana maganar zare? Shi kuwa Baba an sosa masa inda ke masa ƙaiƙayi, ya dage yana bayani har da kwatance da hannun hagu.

Can ya tsagaita. "To, soka mu huta."

"Ai na soka tun ɗazu, Baba."

Sista Babba ta manna goshi a gilashi. Jini ya leƙo a bututu, alamar allura ta zauna daram. Doguwa ta tura ruwan gishiri, ta duba ba kumburi, sannan ta sa rigar kariya da safar hannu biyu ta rataya maganin. Sai a lokacin daɗi ya rufe Sista Babba har ta manta da maƙogwaron.

Bayan awa uku Baba Tela ya fito, matarsa na riƙe da jakarsa. Ya tsaya nesa da Sista Babba, ya dafa ƙirji.

"Allah ya saka miki da alheri, 'yata, ya ba ki lafiya." Ya ɗan rage murya. "Amma kada ki ji haushi. Ashe duk watannin nan zafin banza nake sha a hannunki ban sani ba!"

Matarsa ta zungure shi. Sista Babba ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ko da yake maganar ta ɗan soke ta.

Da suka tafi ta ƙwanƙwasa gilashin. Doguwa ta waiwayo.

"Ranar Litinin," in ji Sista Babba, "in hancin nan ya bar ni, ki zo da tawul ɗinki. Ni zan riƙe miki tiren allura, ki koya min."