Goron da Ya Zauna a Madadin Bangaramma

Wani dare na ji kuka daga bakin hanyar ruwa, mai tsawo da kauri, kamar ɓauna tana neman ɗanta. Na tashi zaune. Ban ji wannan kukan ba tun gashina yana baƙi, amma na gane shi: tsohuwar ƙofar ruwa ce take juyawa a kan ƙafarta. Ma'aikatan da aka kawo daga birni ne suke gwada ta bayan sun gama gyara.

Ni Appanna, a kan ƙofar nan na ƙare ƙuruciyata. Jirgi ya taho daga kogin Godabari da shinkafa ko kwakwa, mu rufe shi a ɗakin ruwa tsakanin ƙofofi biyu, mu saki ruwa har ya sauka daidai da na ƙasa, sannan in sa bayana a jikin gungumen da ke buɗe ƙofar in tura. Da manyan motoci suka ƙwace kaya, jirage suka daina zuwa, ƙofar ta ruɓe, ɗakin ya zama gidan kwaɗi. Yanzu an ce ta zama kayan tarihi, 'yan yawon buɗe ido za su riƙa shiga jirgi mai rumfa don kawai su ji yadda ruwa yake sauke mutum.

Lokacin da ake yashe ɗakin, kullum ina bakin wurin. Na tsinci kwalba da ƙaguwa a ciki, ta shiga tana ƙarama ta yi girman da ba ta iya fita. Na tsinci kofaton ƙarfe, alhali ban taɓa ganin doki a ƙauyenmu ba. Duk suna kan tagata. A raina kuwa na riga na gama: ranar buɗewa ni zan fasa kwakwa a jikin ƙofar, kamar yadda ake yi kafin jirgin farko ya wuce.

Sai na ji an zaɓi Pullayya.

Pullayya maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba mu. Bai taɓa tura gungume ba. Soyayyiyar ayaba yake sayar wa matuƙan jirage a bakin ruwa, bakinsa kullum ja da taunar wakka, goronmu mai tauri da ake fasawa a naɗe a ganye, da ɗan awartakin fasa shi a ƙugu. Abin da ya fi ni da shi ɗaya ne: matarsa Mangamma tana raye. A wurinmu aikin albarka miji da mata ne suke zama su yi shi tare. Tawa, Bangaramma, ta rasu damina da dama da suka wuce.

Da safe ya leƙo ta kan shinge da sabon farin mayafi a kafaɗa.

"Tsoho, ka ga abin da hukuma ta aiko? Taɓa ka ji laushi."

"Na gani. Ka san ma ta wane gefe ƙofar take buɗewa?"

"Ina ruwana da gefe? Kwakwa aka ce in fasa, ba a ce in auri ƙofar ba."

Mangamma ta fito da kofin nono ta miƙa masa, ta kakkaɓe masa wani abu a wuya ba tare da ta duba ba. "Yaya Appanna, kada ka kula shi, tun jiya yake gwada tafiyar manya a tsakar gida." Na yi dariya don kada su gane. Amma hannun nan da ya kakkaɓe wuyansa ya tsaya mini a ƙirji fiye da mayafin.

Kwanaki ina ta juya abin. Har mafarki na yi ƙofar ta ƙi buɗewa, tana kiran sunana da muryar ɓauna. Daga nan na tuna wani abu da na gani ina yaro: wani kawuna da matarsa ta mutu ya zauna aurar da 'yarsa, aka ajiye ƙwayar wakka guda a kan ganye a gefensa, aka ce ita ce matar har a gama.

Na tafi wurin Kamesam, mai hidimar haikalinmu. Ya saurare ni yana sosa gemu.

"Ana yi, Appanna. Ba ƙarya ka faɗa ba. Amma an riga an gaya wa Pullayya."

"Ranka ya daɗe, ƙofar ai ɓari biyu ce. Shi ya ɗauki na dama, ni in ɗauki na hagu."

Ya ce, "To. Ka zo da ƙwaya lafiyayya, marar tsaga. In kira sunan Bangaramma a kanta, ta zauna gefenka har ka fasa taka kwakwar. Idan ta bar gefenka kafin nan, babu ruwana, sai ka tashi."

Ban gaya wa Pullayya ba. So nake in ga fuskarsa a ranar.

Na zagaye kasuwa kafin in sami wadda ta yi mini: mulmulalliya, mai ɗan duhu, da zane-zane a jiki kamar tafin hannu. Na wanke ta, na kwana da ita kusa da matashina. Na ba ta labarin ƙofar, da na ƙaguwar cikin kwalba, na ce mata Mangamma ta tsufa sosai, ita kuwa tana nan yadda na san ta.

Ranar buɗewa an rataye ganyen mangwaro a kan ƙofar, masu algaita suna busa, jirgi mai rumfa cike da baƙi yana jira a ruwan sama. Na riga kowa zama a tabarma. Na shimfiɗa ganye a gefena, na ɗora ƙwayar, Kamesam ya ɗiga mata kurkum ya kira sunan Bangaramma a hankali. Na ji tabarmar ta yi ɗumi ta wannan gefen.

Pullayya ya iso a makare, da furanni a wuya, Mangamma a bayansa. Ya gan ni ya yi turus, sannan ya zauna kusa da ni.

"Kai kuma fa? Rakiya ka zo yi mini?"

"Zauna dai ka gani."

Wata ma'aikaciyar hukuma ta ce in ɗan juyo, baƙi suna son hoton tsohon mai ƙofa. Na juya. Na gyara zama, na ɗaga haɓa, wani ya tambaye ni ko da gaske ruwa yana ɗaga jirgi mai kaya, na fara ba shi amsa. Ina tsakiyar magana na ji ƙas a bayana.

A wurinmu, idan babban baƙo ya zauna, ganye da goro ake ajiye masa a gefe don girmamawa. Pullayya kuwa tun safe ya san shi ne babban baƙo.

Da na waiwaya, awartakin yana hannunsa, ya naɗe rabi a ganyen ya jefa a baki, kumatunsa suna motsi. Rabin ƙwayar yana kan tafinsa, yana miƙo mini.

"Ungo, kada ka ce na yi maka rowa. Mai kyau ce, ta nuna."

Kamesam ya tsaya da kwakwata a hannu. Ya dubi wurin da ganyen yake a da, ya dube ni, sannan ya mayar da kwakwar cikin kwando a hankali. Mangamma ta ga ɗigon kurkum a jikin rabin, ta rufe bakinta da gefen zane. Na miƙe daga tabarmar, gwiwoyina suna ƙara.

Pullayya ya daina tauna. Ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Me ya faru ne? Goron na wani ne?"