Garin da Sahabi Ya Niƙa

Likita ya kwance ƙullin ledar, ya ɗebo garin da yatsa biyu, ya murza. Sahabi na zaune gabansa a wani asibiti cikin Anka, idonsa kan takalmansa da ƙurar dutse ta rine.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Malam Tsoho, mai magani a kasuwar Gummi. Ɓawon itace ne. Ya ce in riƙa sha da kunu."

"Tun yaushe?"

"Damina biyu ke nan."

Damina biyu yana sha, ƙarfinsa na ɗa namiji bai dawo ba. Kafin nan ya sha rubutu, ya ci balangu da yajin maza har bakinsa ya saɓule, ya haɗiyi shuɗiyar ƙwayar kemis wadda ta sa kansa ya yi kamar zai tsage. Matarsa Lauratu ba ta taɓa yi masa gori ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. A shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyensu Sunke, 'ya'yansu biyu suka tafi cikin mako guda. Har yau takan fito da 'yan rigunansu ta shanya, ta ninke, ta mayar. Yanzu Innarta ta aiko: in babbar Salla ta wuce babu labarin ciki, ta komo gida.

"Ɓawo ya ba ka, ni kuma gari nake gani," in ji likita. "Wa ya daka?"

Sahabi ya ce, "Likita, in na ba mai ɗakina, tambaya za ta yi. Injin gero kuma mata sun cika wurin, bakinsu ba ya rufuwa. To injinmu na niƙa dutsen zinari, bayan azahar ba kowa, can na niƙa."

Likita ya ajiye biro.

"Malam Sahabi, gwajin jininka ya fito. Dalma ce ta yi maka yawa. Ita ke kashe jijiya, ita ta hau da jininka. Kana shaƙar ta wajen aiki, ka dawo gida kuma kana dama ta a kunu."

Ya yi masa bayani a hankali. Ya ce ya rabu da injin, ya zubar da garin. Za a fara da maganin hawan jini. In jini ya sauka akwai ƙwaya, amma ta hannun likita, ba ta kemis ba. In ta ƙi, a tura shi Sakkwato, can akwai allura. Maganin fitar da dalma kuwa, ƙananan yara ake fara ba.

"Zai dawo?" Sahabi ya tambaya.

"Wasu yakan dawo musu. Ba zan yi maka alkawari ba."

La'asar sakaliya ɗan acaba ya sauke shi a Sunke. Daga bayan gari ana jiyo kukan injin. Ya tarar da Lauratu tsugune a tsakar gida tana dama kunu, ta rame, wuyanta kamar sillen kara. Ta ɗago ta yi masa murmushin nan da ya sa shi sayar da ɗan bijiminsa ya aure ta.

"Sannu da hanya, Maigida. Ina ƙullin naka? Na duba cikin rufin ɗaki ban gan shi ba."

Sahabi ya ce, "Kin san da shi?"

"Kai dai. Kullum ka juya mini baya kamar mai satar nama." Ta sunkuyar da kai. "Tun bara nake tsakurar kaɗan ina zubawa a nawa. Na ce ko in mun sha tare ya fi ci."

Ta jawo kofuna biyu ta jera, ta miƙo masa hannu tana jira.