Ranar da Wendell Ya Yi Iyo

Ni dai ban taɓa son Wendell Kowalczyk ba, kuma ban ɓoye ba. Na daɗe ina nutso a tafkin horar da 'yan sama-jannati a Houston, ina tsaron lafiyarsu a ƙarƙashin ruwa, amma ban ga mai ji da kai irinsa ba. Tsohon sojan ruwa ne, a faɗarsa ko kifi sai ya sara masa.

Kujera ɗaya ta rage a kumbon da zai je gyaran madubin hangen taurari, shi da Priscilla Boone ke nemanta, gwajin ranar ne zai raba gardama. Dokar tafkin kuwa kowa ya haddace ta: kayan aiki a ɗaure da igiya, hannu a kan ƙarfen riƙo, ba a iyo.

Tun ana sa masa rigar 'yan sama-jannati suka fara cacar baki da Darlene, injiniyar da ta ƙera sufanar aikin.

"Ke Darlene, wannan sufana ce ko ludayin miya?"

"Ɗaura igiyarta ka rufe mana baki," in ji ta.

"Igiyar nan taki cin lokaci take. Sai ragwaye."

Aka saukar da shi, muka daidaita masa nauyi, ya hau aiki a jikin madubin gwaji. Gaskiya yana da sauri, ɗan banza. Can na lura bai ɗaura igiyar ba. Kafin in yi masa alama, sufanar ta suɓuce ta nufi ƙasa.

Kai! Sai mutumin nan ya saki ƙarfe, ya shuri ruwa da ƙafa, ya bi ta cikin wannan jibgegiyar riga har ya cafke. Ya ɗaga ta sama yana washe baki. Raina ya ɓaci, har na ji kamar in kai masa duka.

Muryar Darlene ta faso ta lasifika. "Sannu gwani! To can sama me za ka shura?"

"Na kama ko ban kama ba?"

"Ka kama. Kai kuma wa zai kamo ka? Ka saki ƙarfe, Wendell. Da can ne, da yanzu kana can kana tafiya, babu dawowa."

"Laifin sufanarki ne, muguwa!"

Shugaban gwaji bai ja magana ba. "Ku fito da shi. Kujerar ta Priscilla Boone ce."

Ni na ja shi zuwa ƙugiyar ɗagawa, bai ko dube ni ba. Yana fitowa daga ruwa muka ji tafi daga wurin zaman baƙi. Ashe tsohonsa ne, ya yi tuƙi tun daga Ohio don ya ga wannan rana. Ya ga an cafke sufana a talabijin ɗin bango, bai ji abin da aka faɗa ba.

"Ɗana ne!" yake ce wa na kusa da shi. "Shi za a tura!"

Duk ɗakin aka rasa mai gaya masa.