Takardar da ke Ƙarƙashin Maus

Amarya ta zazzage jakar takardu a kan gado karo na uku, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Takardar haihuwa tana nan, ta sakandare tana nan, ƙananan hotuna huɗu suna cikin ambulan. Takardar shaidar kammala karatun gwajin jini ce kaɗai ta yi ɓatan dabo, kuma saboda ita aka kira ta intabiyu ƙarfe goma a sabon asibitin da ke bayan kasuwa. Saƙon da suka turo bai yi kwana-kwana ba: a zo da ta ainihi, ba a karɓar kwafi, kuma yau ake rufewa.

Shekara huɗu da aure, amma har yanzu Amarya ake kiranta a gidan hayar, don ba a kawo wata sabuwa bayanta ba. Uku daga cikin shekarun nan ta yi su ne tana yawon ofis-ofis da wannan takarda. Ba ta taɓa ninke ta ba. Ko leda ba ta yarda an manna mata ba, tunda an gargaɗe su a makaranta cewa wasu wuraren ba sa karɓar wadda aka yi wa haka.

Daga falo ana jin ƙas-ƙas-ƙas ɗin maus na kwamfuta. Maigidan ne ke bakin fama tun da ya idar da sallar asuba. Abokan gem ɗinsa na yaƙi a intanet, waɗanda bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, Kyaftin suke ce masa, shi kuma ya riƙe sunan hannu bibbiyu. Mutum ne da gemu har da furfura biyu, yana tsaron shagon waya da rana, sauran lokacinsa kuma yana jagorantar ƙarti huɗu su ƙwato wata gada da babu ita a duniya.

Wata biyu ke nan ba shi da zance sai na abin da zai ɗora maus a kai. Teburin falon na gilas ne, ya ce idon maus ɗin ba ya gani a kansa. Ya sayo shimfiɗar maus har uku: ta farko wai ta cika santsi, ta biyu tana riƙe masa hannu, ta uku bakinta ya naɗe. Daga nan ya faɗa wa kayan gida. Ya gwada farantin shayi, ya gwada kalanda, ya gwada katakon yankan albasa sai da maus ɗin ya kwana biyu yana wari. Duk harbin da ya kuskure, laifin shimfiɗa ne. Hannunsa dai, tun da aka haife shi, bai taɓa yin kuskure ba. Mako uku da suka wuce ne ya daina ƙorafi, Amarya har ta yi hamdala ba ta tambayi dalili ba.

Ta fito falo ta tsaya a kansa. "Ka ga takardata ta makaranta?"

Bai ji ba, kunnuwansa a toshe suke da wani ƙaton abin sauraro. Ta sa hannu ta zare shi.

"Haba Amarya! Harbina fa ake yi!"

"Allah ya ba su sa'a. Na ce ka ga takardata?"

Idonsa ya sauka ƙasa kamar na wanda aka kama da hannu a tukunya. Ta bi inda ya duba. A ƙarƙashin hannunsa na dama, an manne wata farar takarda mai kauri a jikin gilas da salatif ta kusurwa huɗu. A gefe ɗaya, jan hatimin makarantarsu yana kallonta.

Ta ɗaga maus ɗin da yatsa biyu. Tsakiyar takardar, daidai inda sunanta yake, ya goge ya koma toka-toka. Harafin farko da na ƙarshe ne kawai suka tsira. Can ƙasa, inda shugaban makaranta ya sa hannu, gumin wuyan hannun Kyaftin ya bar wani baƙin tabo mai maiƙo.

"Tsaya ki ji, kar ki ɗau zafi," in ji shi. "Wallahi ban taɓa ganin takarda irin wannan ba. Ba ta sheƙi, ba ta santsi, ga kauri. Kin ga waɗannan ƙananan zane-zanen da ke jikinta? Su idon maus ɗin yake bi. Tun da na sa ta, mataki biyu na hau."

"Mataki biyu."

"Biyu cur! Kuma ai na ga a jaka kawai take kwance, ba amfani kike da ita ba."

Da zagi ya yi mata da ya fi sauƙi. Ta dube shi, wannan bawan Allah da ya san nauyin maus ɗinsa daidai da giram amma bai san ranar intabiyun matarsa ba, ko da yake sau uku ta faɗa masa. Ba fushi ta ji ba. Raini ta ji, mai sanyi, wanda ya zauna mata a ƙirji daram.

Ta sa farce tana ɓanɓare salatif a hankali. Kusurwa uku suka fita lafiya, ta huɗu ta tafi da fatar takardar.

"A hankali mana!" ya ce. "Yau fa ƙarfe huɗu muke da gasa."

Ta sa takardar a jaka, ta yafa mayafi ta fita.

A cikin bas ta ciro ta sau biyu tana dubawa, ko Allah zai sa sunan ya dawo. Wata dattijuwa da ke gefenta ta leƙo ta ce, "'Yata, yara ne suka yi miki ɓarna?"

"Eh, Mama. Ɗaya ne, amma babba."

Asibitin sabo ne fil, ko'ina ƙamshin fenti. Su goma sha ɗaya ne a kan benci, kowa rungume da jakarsa. Da aka kira ta, ta shiga wani ofis mai sanyi ta tarar da jami'in ɗaukar ma'aikata a bayan wani faffaɗan teburin gilas, irin wanda ake saya don baƙi su gani. Mutum ne mai tumbi da zobe biyu, ko kai bai ɗaga ba da ta gaishe shi.

Ya yi mata tambayoyi huɗu kan aikin, ta amsa duka ba gargada. A ta huɗun har ya ɗan ɗago ya dube ta. Sannan ya miƙa hannu. "Takardarki ta ainihi."

Ta miƙa. Ya riƙe ta da bakin yatsu, ya karkata ta wajen haske, ya taɓe baki.

"Malama, wannan fa? Miya kika tace da ita?"

"Ranka ya daɗe, tsautsayi ne aka samu a gida. Ga kwafinta, sunan ya fito sarai. Ga kuma lambar rajista a sama, ba ta goge ba, za a iya tambayar makarantar."

"Ni zan tambayar miki makaranta? Ina na san ba ta wata kika kankare ba?" Ya jefar da takardar a kan teburin. "Wadda ba ta iya adana takarda ɗaya ba, ita za mu ba jinin mutane ta adana?"

Me za ta ce? Mijina ne yake ƙwato gada?

Jami'in ya juya ga kwamfutarsa. Daga inda take zaune tana hango allon: ga sunanta cikakke, ga akwati biyu a gabansa, kore da ja. Ya ja maus ɗinsa, kibiyar ta yi tsalle ta tafi kusurwa. Ya sake ja, ta maƙale. Ya ɗaga shi ya buga a gilas ɗin, ya hura masa iska, ya yi tsaki.

"Wannan tebur zai kashe ni," ya ce.

Ya waiga yana neman abin da zai shimfiɗa. Hannunsa ya faɗa kan takardarta, ya jawo ta ba tare da ya ko duba ba, ya ɗora maus a kai. Kibiyar ta tafi sumul, ta sauka a tsakiyar jan akwatin. Ƙas.

Ya ɗan zagaya maus ɗin a kan inda sunanta yake a da, fuskarsa ta saki a karo na farko.

"Kai! Amma takardar nan tana da kyau. Irin wannan a ina ake samu?"

"Shekara huɗu ake yi a makaranta, ranka ya daɗe," in ji ta. Ta zare ta daga ƙarƙashin hannunsa ta fita.

Shekara uku tana nuna takardar nan ga masu ɗaukar aiki, ba wanda ya taɓa yaba ta. Yau ga maza biyu sun yaba a rana ɗaya.

Tana tsaye a tashar bas wayarta ta yi ƙara. Kyaftin ne.

"Amarya, kin gama? Yaya aka yi... to, ma yi maganar in kin dawo. Don Allah ki hanzarta, na gwada kalanda abin ba ya tafiya. Kuma ki lallaɓa ta a cikin bas, kin ji? Kar ki bari ta lanƙwashe. In ta yi layi ko ɗaya, shi ke nan, ba ta da amfani."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, wallahi."

"To, na ji."

Ta kashe wayar. Ta ciro takardar, ta dubi harafin farko da na ƙarshe na sunanta. Sannan ta ɗora ta a kan gwiwa ta ninke ta biyu, ta sake ninkewa huɗu, ta sa farcen babban yatsa ta bi kowane layi tana dannawa sosai. Bas ya tsaya, ta cusa ta a jaka ta shiga.