Lemon Cittar Maɗugu a Bakin Iyaka

Maɗugu direba ne, Maraɗi zuwa Jibiya. Yayarsa Salmatu da ke aure a Daddara ta sha faɗa masa cewa duk taron dangi ba ya kawo komai sai surutu. Da aka sa ranar sunan jikanta, ya rantse zai kai lemon citta mai gas, wanda ya haɗa da hannunsa.

Matarsa Luba ce ta iya sana'ar. Ta ce, "Maigida, ka bari kumfar lemon ta kwanta a jarka kahin ka ɗura a goruna. Sukari kaɗan a kowace gora. In ka matsa gora ka ji ta yi tauri, sai ka sa ta cikin ƙanƙara. In ka wuce nan, giya ce ka yi."

"Ni da ke gyara inji?" in ji Maɗugu.

Jarka na tsaka da kumfa ya ɗura, ya ninka sukari don gas ya ji da kyau, ya jibga gorunan a but ɗin motarsa.

A bakin iyaka suka tarar da layi har ba a ganin ƙarshensa. Rana ta buɗe. Maɗugu na cikin yabon lemonsa wa fasinja sai ji suka yi fau! Kowa ya duƙa. Wani ɗan dako, Mansur, ya yar da buhun albasa ya shige ƙarƙashin tirela.

Maɗugu ya ɗaga but. Goruna sun kumbura kamar kwaɗi, murafe na tashi sama, kumfa na feshi. Ya rungumi guda yana sassauta murfinta, ta wanke masa gemu. 'Yan dako suka rufa masa, kowa da gorarsa yana tsiiit, suna dariya har da riƙe ciki.

Sai wani dattijo cikin fasinja, Malam Zunnuraini, ya shinshina. "Ɗana, wannan abu bai juya ba kuwa?"

Maɗugu ya dubi gorar hannunsa. Ya kai wa Yaya giya ranar suna, a gaban liman?

"Jama'a, wa zai ɗanɗana ya gaya mani?"

Kowa ya kau da kai. Duk wanda ya ce giya ce, to a ina ya san ta?

"Mansur, kai da ka zauna Kwatano..."

"A'uzubillahi! Dako na je yi!"

"Malam?"

"Ni? Ka raina ni, ɗan nan."

Dole ya kira Luba a waya. Sai da ta gama dariyarta tas, sannan ta ce, "Injiniya, sa a harshe. In zaƙin na nan, da sauranta. In ya tahi, tohar ka zubar."

Ya yi bisimilla ya lasa. Zaƙi har kunne! Ya daka tsalle, ya kwashe ƙanƙarar masu sayar da ruwa kaf, ya binne 'yan gorunan da suka tsira a cikinta.

A Daddara ya miƙa wa Salmatu guda da hannu biyu. Ta murɗa murfi. Gora ta yi tsaki, ta yi gurnani, ta jiƙa mata sabon mayafi.

Ta kurɓi abin da ya rage, ta lumshe ido, ta sake kurɓa.

"Da daɗi, ƙanena," ta ce. "Amma shi ma surutu gare shi."

Ta ɓoye gora biyu a ɗakinta.